Daga Gaya zuwa Ajingi: Inda ya kamata kyamara ta kwanta a jikin matafiyi

Tarihin baka na Kanawa ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya sauka a gindin Dala neman tama, kuma har yau akwai maƙeran birni da ake kira Abagayawa, masu danganta asalinsu da shi. Ko mutum ya karɓi labarin yadda ya zo, ko ya ɗauke shi hikaya, ya nuna mana cewa Gaya tsohon gari ne na masu sana'ar hannu, mutanen da suka saba doguwar tafiya da kayan aikinsu a jikinsu. Wanda kuwa ya taɓa yin tafiyar yini da masaba da awartaki ya san cewa gajiyar matafiyi takan fito ne daga yadda ya rataya kaya, fiye da nauyin kayan kansu.

Shi ya sa na ga babu inda ya fi Gaya dacewa a tattauna wani al'amari da mai karatu zai iya cewa bai kai ya kawo ba: tsawon igiyar kyamara, da wurin da ya kamata kyamarar ta kwanta a jikin mai ɗauke da ita. Na yi kwana uku tsakanin Gaya da Ajingi bayan an gama girbi, hunturu ya fara kaɗawa, na kuma dawo da yaƙinin cewa wannan 'yar igiya ita ke yanke hukunci a kan abu uku: lafiyar wuyan mai hoto, lafiyar kayan aikinsa, da irin tarbar da mutanen gari za su yi masa.

Daga Kano mota za ta bi da kai ta Wudil, ka haye gada, ka wuce garin da ya shahara da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, sannan ka miƙe gabas zuwa Gaya. A 2019 aka ɗaga garin ya zama ɗaya daga cikin sababbin masarautu huɗu na jihar, a 2024 kuma aka sake tsari, ya zama masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. A cikin mota babu wata matsala, kyamara tana bisa cinya. Jarrabawar tana farawa ne idan ka bar kwalta ka nufi ƙauyuka, inda babur ne abin hawa. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, don haka matashin birni mai ɗaukar hoto yana iya girma bai san abin da ramin hanya ke yi wa kyamarar da ke lilo a wuya ba. Duk ramin da aka faɗa sai ta tashi ta daki bayan ɗan acaɓa, ta dawo ta daki ƙirjin mai ita. Abin da na yi shi ne na saƙala igiyar ta kafaɗar hagu ta biyo ƙarƙashin hammatar dama, na jawo kyamarar gaba na kwantar da ita a cinya, gilashinta yana kallon ƙasa da murfinsa a rufe, domin ƙurar hunturu ba ta san tsadar kaya ba.

Mu ɗan yi lissafi. Babbar kyamara da gilashinta na yau da kullum sukan haura kilo 1. Dogon gilashin zuƙowa mai milimita 70 zuwa 200, irin wanda masu ɗaukar hawan sallah ke so, shi kaɗai ya kusa kilo 1 da rabi, wato kwatankwacin babbar robar ruwan sha a cike. Ka ɗaura wannan a siririyar igiya ka rataya a wuya, sai nauyin duka ya taru a wuri ɗaya a ƙeya, ya dinga jan kai gaba, jijiyoyin wuya su wuni suna ja baya. Kafin la'asar ciwon kai ya sauka. Idan aka haɗa da zufa, igiyar leda tana goga fata har ta yi zafi kamar an shafa barkono.

Mutanen ƙasar nan sun daɗe da warware wannan matsala, sai dai ba da kyamara ba. Dubi mahayin doki ranar hawa: takobinsa yana rataye da hamila mai kauri daga kafaɗa, yana kwance a gefen hagu, inda hannun dama zai kai gare shi. Dubi almajiri ko gardi da gafakarsa, ya saƙala ta ta ratsa ƙirji, Alƙur'ani yana tsare a gefensa, hannayensa biyu a sake. Dubi makaɗin kalangu, wanda ya gajarta maratayinsa har kalangun ya shige hammata, ba ya lilo ko da rawa ta yi zafi. Dukkansu ukun sun bar wuya ya huta, sun ɗora wa kafaɗa da gadon baya aikin, kowa kuma ya auna tsawon maratayinsa da inda hannunsa ke buƙatar kayan. Bambancin kyamara da takobi ɗaya ne: maɓallin ɗaukar hoto yana dama, saboda haka ita a kwankwason dama take kwanciya.

A kasuwar Gaya na kai igiyata wurin wani dattijo baduku don ya ɗinka mata matashin fata a daidai kafaɗa. Ya juya ta a hannu, ya dube ni, ya ce, "Malam, miƙe tsaye ka saki hannunka." Na saki. Ya ce, "Inda tafin hannunka ya tsaya, nan ne gidanta. In ta wuce nan za ta dinga dukan cinyarka, in ba ta kai ba za ka wuni da gwiwar hannu a lanƙwashe." Na ce, "Baba, ai ban san kana harkar hoto ba." Ya yi murmushi ya ce, "Ban taɓa riƙe ta ba, amma na yi wa mafarauta burgami, na yi wa malamai gafaka. Jikin ɗan Adam ɗaya ne." Ya faɗaɗa matashin ya kai faɗin yatsu uku, ya bar ɓarin fatar mai kaushi a ciki don kada ya zame a kan yadi.

A kan ma'aunin baduku na ƙara gwaji biyu da kowa zai iya yi a ɗakinsa. Na farko, ka ɗaga kyamarar daga kwankwaso zuwa ido a motsi ɗaya. Idan igiyar ta riƙe ka a hanya, ta yi gajarta. Na biyu, ka durƙusa kamar za ka gaida babba; idan gilashin ya taɓa ƙasa, ta yi tsawo.

Gwaji na biyun a Ajingi na ga amfaninsa. Nan ƙasar manoma ce mai iyaka da Jigawa, kuma ba a wuce dattawa a gindin bishiya sai an rage tsawo, an miƙa hannu biyu, an tambayi gida da iyali da sanyi. Mai kyamara a wuya idan ya sunkuya, ita ce za ta riga shi isa, ta yi lilo a gaban fuskar wanda yake gaisarwa. Ko a tsaye yake, gilashin da ke kan ƙirji ido ne a buɗe yana kallon kowa, har matan da ke dawowa daga rijiya, kuma ba wanda ya san ko an danna ko ba a danna ba. Amma idan tana gefe, bakinta a ƙasa, ka tura ta baya kaɗan, fuskarka ce za ta fara shiga gari. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma baƙo ma yana da tasa shimfiɗar da zai yi. Sai an gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni, na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a ba ni izini in ɗauki rumbunan nan?" sannan hannuna ya sauka gare ta.

Masu hoto na duniya sun bi hanyoyi daban-daban a kan wannan. Henri Cartier-Bresson na Faransa yakan liƙe ƙyallin ƙaramar kyamararsa Leica da baƙin tef don kada a lura da shi a titi. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba lambar Zakin Zinariya a Banis ta Italiya a 2007, ya yi aiki da Rolleiflex, kyamarar da ake riƙewa a wajen ciki ana leƙa ta daga sama, ta yadda mai ɗauka yakan sunkuyar da kai gaban wanda yake ɗauka. A ƙauyukanmu hanyar Sidibé ta fi kusa da tarbiyyarmu. Wanda ya ɓoye kyamara a Ajingi aka gane, ya rufe wa duk mai zuwa bayansa ƙofa.

Wannan ba ya nufin an haramta wa wuya igiya. A ranar hawa, lokacin da dawakai ke zuwa jahi ba a jiran kowa, gajeren maratayi a wuya yana da amfani: kyamarar ta tsaya tsakanin ƙahon zuci da cibiya, idan kuma ka tura ta gaba igiyar ta ɗame, sai ta rage rawar hannu. A cunkoson kasuwa, naɗa igiyar sau biyu a wuyan hannu ya fi tsaro. Ratayawa a kafaɗa ɗaya kuwa ita ce mafi hatsari ga mai shadda ko babbar riga, domin yadin yana da santsi. Ɗalibai mata masu dogon hijabi za su fi sakewa idan suka saƙala igiyar ta ƙarƙashinsa, kyamarar ta fito ta gefe. Kowace hanya aka bi, a duba zobba da maɗaurai kowace safiya, don a nan ake samun tsinkewa.

Ga ɗalibanmu na aikin jarida a Jami'ar Bayero da sauran makarantu, dalilin duk wannan bayani shi ne: kyamarar da ke cutar da mai ita takan koma cikin jaka tun kafin azahar, wadda ke cikin jaka kuwa ba ta ɗaukar komai. Garuruwa irin su Gaya da Ajingi suna sauyawa a kan idonmu. Kwano yana maye gurbin soro da jinka, masu tsofaffin sana'o'i suna raguwa, kuma hotunan da jikokinmu za su nema sai mun ɗauka yanzu za su samu. Ku gyara maratayinku yadda za ku wuni da shi ba gajiya, ku durƙusa da shi ba fargaba, sannan ku fita ku ga ƙasarku. Allah ya sa mu dace.