Kwana bakwai bisa keke a ƙasar masara

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Ayowa. Jihar manoma ce. Kogin Misuri da wani reshensa su ne iyakarta ta yamma, kogin Misisifi kuma iyakarta ta gabas. Mutanenta sun ɗan ɗara miliyan 3, amma duk Amurka babu jihar da ta kai ta noman masara da kiwon aladu. Mai mota, awa 5 ta ishe shi ya ratsa ta, ba tare da ya ga komi ba sai gona bayan gona. Shi ya sa mutanen manyan birane suka ɗauke ta wurin wucewa kawai.

Amma sati guda cikin shekara, a ƙarshen watan Yuli, lokacin da masara ta yi tsawo har ta shanye mutum, jihar takan cika da baƙi. Dubban mutane ne bisa kekuna, maza da mata, tsofaffi da matasa, daga ko'ina cikin Amurka har da ƙasashen waje. Sukan tashi daga iyakar yamma ran Lahadi, su isa bakin Misisifi ran Asabar. Da dare cikin tanti suke kwana, a garuruwan manoma. Sunan wannan tafiya RAGBRAI. Ba tsere ba ne, don ba a ba na ɗaya kyauta, ba a kuma yi wa na baya dariya.

Yadda abin ya faro

A shekarar 1973 ne wasu ma'aikatan jarida guda 2, John Karras da Donald Kaul, suka yi shawara su ratsa jihar bisa keke, su rubuta abin da suka gani cikin ƙauyuka. Jaridarsu ita ce Des Moines Register, wadda ake bugawa a babban birnin jihar. Suka sanar cewa duk mai so ya biyo su. Ran 26 ga Agusta mutum wajen 300 suka hallara a garin Sioux City. Aka yi kwana 6 bisa hanya, ana yada zango a Storm Lake, Fort Dodge, Ames, Des Moines da Williamsburg, har aka isa Davenport. Mutum 114 ne suka yi tafiyar tun daga farko har ƙarshe.

Cikinsu akwai wani tsohon manomi mai shekara 83, Clarence Pickard, bisa wani tsohon keken mata, da riga mai dogon hannu da hula irin ta turawan zamanin mulkin mallaka. Labarinsa ya bazu, masu karatu suka matsa wa jaridar sai an sake. Aka sake a 1974, kuma a 1975 tafiyar ta samu sunan da take da shi yau. Harafin farko na jaridar ne, sauran kuma suna nufin babbar tafiyar keke ta kowace shekara mai ratsa Ayowa.

Kowace shekara ana canza hanya, kuma a ƙarshen watan Janairu ake sanar da garuruwan da za a kwana. Da haka tafiyar ta taɓa duka gundumomi 99 na jihar. Tsawonta galibi tsakanin kilomita 650 ne da 850, wato kamar daga Yamai zuwa Maraɗi, ko fiye. A yini guda akan yi kilomita 100 da ƴan kai, kamar daga Damagaram zuwa Tasawa. Akwai kuma rana guda da ake ƙara wani zagaye ga masu jin ƙarfi, don su cika kilomita 160. An sa wa zagayen sunan Karras.

Yini guda bisa hanya

Tun da asuba zango yake tashi. Kowa ya naɗe tantinsa jiƙe da raɓa, ya ɗaure jakarsa, ya jefa ta cikin babbar kamiyo da za ta kai kaya gari na gaba. Wanda ya yi rajista yana da lamba ɗaure ga hannu, irinta kuma ga kekensa da jakarsa. A rana ta farko akwai wata al'ada: wanda ya samu isa bakin Misuri yakan tsoma tayar baya cikin ruwa kafin ya kama hanya.

Wanda aka gaya wa Ayowa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, tun ranar farko yake gane ba haka ba ne. A yamma akwai jerin tudduna na lallausar ƙasa da iska ta tara tun zamanin da. Bayansu ma hawa da gangara ba su ƙarewa. Dama da hagu masara ce da waken soya, sai dogayen injunan iska masu ba jihar fiye da rabin wutar lantarkinta. Kafin a ga gari, abu biyu ake fara hangowa: tankin ruwa bisa dogayen ƙafafu, da manyan rumbunan hatsi.

Tafiya cikin taro tana da ka'ida. Mai tafiya sannu ya riƙe dama, mai sauri ya bi hagu, ya kuma faɗi da baki cewa ga shi nan tafe. Mai son tsayawa sai ya sanar kafin ya kama birki. Wanda ya hango mota ko rami ya yi kira, na bayansa su miƙa kiran. Jandarmomin jiha suna tsaye a mararraba suna tsai da motoci. Duk da haka hanya tana da haɗari. Da yawa daga cikin hanyoyin na siminti ne, kuma tsagar da ke tsakiyarsu tana iya cafke siririyar taya. A 2004 wani mahayi ya rasu ta haka a gundumar Crawford. Abin ya kai ga shari'a, har gundumar ta hana tafiyar bi ta hanyoyinta na wani lokaci. Shi ya sa masu shirya tafiyar ba su gajiya da yi wa kowa gargaɗi ya sa hular kwano.

Babban abokin gaba shi ne zafi. Yakan wuce digiri 35, ga gumi, don gonakin masara suna fid da laima cikin iska. Ka'ida ita ce mutum ya sha ruwa tun bai ji ƙishirwa ba, ya ci abu mai gishiri, ya huta a inuwa da tsakar rana. Wanda ƙarfinsa ya ƙare, ko kekensa ya lalace, sai ya kauce gefen hanya ya juya keken tayoyi sama. Wannan ita ce alama. Motar da ke bin ayari za ta ɗauke shi da kekensa. Motocin likita ma suna bisa hanya. Akwai kuma wata ƙungiya ta sojojin sama na Amurka da ke tafiya cikin ayarin, suna tsayawa suna taya mutane faci da gyaran sarƙa kyauta.

Zango

Daga azahar zuwa la'asar ake shiga garin kwana. Aiki na farko neman jaka cikin tulin kaya, sannan neman wurin kafa tanti. Filin ƙwallon lakwal, lambun gari, filin baje kolin amfanin gona, har ƙofar gidajen mutane, duk sukan cika da tantuna. Wanka kuwa duk inda aka samu ruwa: a lakwal, a wurin wanke motoci, wani lokaci ma a wurin da ake wanke shanu. Ana jera ɗaruruwan masai na roba waɗanda mota ke kawowa ta kuma kwashe. Masu tafiya ƙungiya-ƙungiya sukan zo da tsofaffin motocin ɗaukar ƴan lakwal, an shafe su da fenti kala-kala, su ne ke ɗaukar musu kaya. Da dare akwai kiɗa a tsakiyar gari, amma mai hankali da wuri yake kwanciya.

Watan Yuli lokacin hadari ne da guguwa. Saboda haka kowane gari yana tanadin wurin fakewa, kuma in jiniya ta yi kuka sai a bar tanti a ruga can. A 2005, a garin Sheldon, iskar dare ta karya itace ta faɗa bisa tanti, wani matashi ya rasa ransa.

Masu masauki

Mahayi da ƙafarsa yake tuƙa keke, amma ruwan da yake sha, cimakar da yake ci da wurin da yake kwana, duk daga hannun mutanen gari suke. Gari mai mutum dubu 5 ko dubu 10 yana iya wayar gari da baƙin da suka fi mazaunansa yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun daga ranar da aka sanar da sunan gari ake kafa kwamitoci: na masauki, na ruwa, na cimaka, na tsabta, na lafiya, na tsaro, na wuta. Ɗaruruwan mutane ne ke aikin gayya wata da watanni, ba wanda ake biya.

Ƙananan ƙauyukan da ake ratsawa da rana ma ba a bar su baya ba. Titin ƙauye yakan cushe har sai kowa ya sauka ya tura kekensa. Matan majami'a suna sai da wainar ƴaƴan itace da suka kwana suna gasawa. Masu kashe gobara suna toya fanke da safe. Manoma suna dafa sabuwar masara, suna gasa naman alade bakin hanya. Yara suna sai da ruwan lemo, ko su riƙe tiyo suna fesa wa masu wucewa ruwa. Wani manomi kuma inuwar itacen ƙofar gidansa kawai zai bayar, da famfo.

Tsofaffin mahaya ba su mance wata Litinin ta shekarar 1981 ba. Tsakanin Mapleton da Lake City ruwa ya yini yana zuba, da sanyi da iska mai bugun fuska. Mutane da yawa suka kasa. Manoma ne suka fito da motocinsu da kamiyon dabbobi suna kwasar su, suka buɗe musu gidaje da rumfunan ajiya har suka bushe.

Abin da ya sa suke wahalar

Akwai dalili bayan son baƙo. Ƙauyukan Ayowa suna raguwa. A 1950 jihar tana da gonaki fiye da dubu 200, yau ba su kai dubu 90 ba, don manyan injuna sun sa mutum guda yana noma abin da gidaje da yawa suke nomawa a da. A shekarun 1980 bashi da faɗuwar farashi suka raba iyalai da yawa da gonakinsu. Ƙidayar 2020 ta nuna wajen kashi 2 cikin 3 na gundumomin jihar sun rasa mutane cikin shekara 10. Matasa sun tafi birni, an haɗe lakwal-lakwal, kantuna sun rufe.

Ga irin wannan gari, ranar da ayari ya ratsa babbar kasuwa ce. Da ribar ake gyara rufin majami'a, a sayi kayan kashe gobara, a taimaki ƙungiyoyin ƴan lakwal. Sai dai kasuwa ce mai haɗari: in ruwa ya sauko, ko aka dafa fiye da kima, cimaka ta kwana, asara ta hau kan masu ita. Kuma baƙo raɓa ne. Cinikin yini guda ba ya maido saurayin da ya tafi birni. Abin da ke saura shi ne mutanen gari sun gwada ƙarfinsu sun ga abin da suke iya yi tare, kuma dubban baƙi sun koma gida da sunan garin a bakinsu.

A 2020 cutar korona ta hana tafiyar, aka koma a 2021. A 2023 aka yi ta karo na 50, daga Sioux City zuwa Davenport kamar ta farko, kilomita wajen 800 cikin tsananin zafi, da taron da ya kai dubun dubatar mutane.

Ga mai niyyar shiga, shawarar da ake bayarwa ita ce ya fara horo tun watanni kafin lokaci, har ya tara kilomita wajen 1600, don ƙafa da mazauni su saba da sirdi. Ya kai kekensa ga mai gyara, ya koyi faci da kansa, ya gwada kafa tantinsa a gida.

Ran Asabar hanya takan gangara zuwa Misisifi. Mahaya su yi layi, kowa ya tsoma tayar gaba cikin kogi, waɗansu su ɗaga kekunansu sama don murna. A lokacin nan garuruwan da aka baro sun riga sun share filayensu, sun kwashe shara, kwamitoci sun zauna lissafi. Da yawa cikinsu sukan sake rubuta takardar neman a biyo ta wajensu wata shekara.