Daga Bici Zuwa Kasuwar Waya Ta Kano

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin abin da na gano a Kano.

A cikin watan Satumba na hau mota daga Bici, ana yankan gero dama da hagu, dawa kuwa da sauranta. Na sauka a kasuwar waya ta Farm Centre. Lalle Kano tumbin giwa ce! Ga Bahaushe, ga Bayarabe, ga Ibo, ga Buzu, kowa na ciniki da Hausa. Ba kuwa yau aka fara ba, gama Larabawa suna Dandalin Turawa, Yarabawa suna Ayagi, tun ba a kafa Sabon Gari ba.

Na tarad da samari sun yi cincirindo, wai sabuwar iPhone ta fito. Da na tambayi wani mai shago, sai ya ce galibi a Satumba Amurkawa ke fito da ita, don ta riski cinikin Kirsimeti. Amma fa Kano kowa da lokacinsa. Mutanen Sabon Gari sai Disamba, in za su gida. Musulmi sai gab da Salla, ita kuwa kowace shekara tana matsowa da wajen kwana 11. Mu mutanen karkara sai kaka ta kankama.

Ai sabon abu ba ya zama sai ya dace da halin jama'a. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa na sa ran auduga, manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, a kakar 1912 suka cika tasha da ita. Wayar hannu ta shigo a 2001, amma talaka bai sake da ita ba sai 2003, da Glo ta soma lissafi da sakan.

Abin da ya sa ni rubutu shi ne, a motar komowa na zauna da wani saurayi na wajenmu wanda ya karyar da geronsa tun bai shiga rumbu ba, don ya riga tsaransa riƙe sabuwar waya. In bazara ta yi, da tsada zai saye shi.

Samarinmu, ku yi haƙuri a kai amfani gida tukuna. Wanda ya ƙera wayar nan bai san ranar da rumbunku zai ƙare ba. In ta kwana biyu ma kuɗinta sauka yake yi. Sauri kan haifi nawa.

Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Bici.