Ranar da muka raina mai hoto

Da bikin yaye mu daga sakandare ya matso, mu 'yan kwamitin aji shida muka zauna lissafin kuɗi. Wasunmu daga Ikara suke, wasu daga Makarfi, wasu kuma daga Hunkuyi da ƙauyukan Kudan. Karo-karon da muka yi bai taka kara ya karya ba, domin yawancin iyayenmu sai an sayar da rake ko tumatir suke ganin kuɗi. Da muka zo kan kuɗin mai hoto sai ɗayanmu ya ce, "Me zai yi da ba za mu iya ba? Ai dannawa ce kawai." Muka yi dariya, muka soke shi daga lissafi, muka ƙara kuɗin a kan lemo da cincin.

Ranar biki muka ari wayoyin yayyenmu. Wajen ƙarfe 12 na rana muka jeru a tsakiyar fili, aka yi ta ɗauka. Sai da dare, da muka zauna dubawa, jikinmu ya yi sanyi. Hijaban 'yan mata sun fito fari fat, fuskokinsu kuwa duhu. Idanun maza sun ɓace cikin inuwa. Waɗanda ke gefe fuskokinsu sun baje kamar an ja su. Hoton da muka fi so, wanda muka yi da malaminmu na lissafi da zai yi ritaya, an yanke kawunan 'yan sahun baya, shi kuma idonsa a rufe.

Ranar Laraba, ranar kasuwar Makarfi, muka kai wa mai hoton da muka raina. Muka ce, "Baba, ko za a iya gyara mana?" Ya duba ya girgiza kai. "Yarana, abin da kyamara ba ta kama ba, kwamfuta ba za ta dawo da shi ba."

Bai kore mu ba, ya ba mu benci. Ya ce kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne. Idan fararen kaya suka yi yawa sai ta rage haske, fuska ta tafi duhu. Rana tsaka kuma daga sama take dukan mutum, shi ya sa inuwa ke taruwa a kwarmin ido. Da shi ne, da ya kai mu inuwar darbejiya, ko ya jira bayan la'asar. Gilashin kyamarar waya yana kwaso wuri mai faɗi, don haka yake baje na gefe idan an matso kusa. Mai hoto yakan ja baya, ya jera mutane sahu-sahu, ya ɗauka sau da yawa saboda masu ƙiftawa. Ya ce lokacin da ya koyi aiki, fim ɗaya hoto 36 yake ci, ba a kuma ganin komai sai an wanke. Dole mutum ya ga hoton a ransa kafin ya danna.

Ashe aikin da muka kira dannawa yana kai mutum nesa. Malick Sidibé na ƙasar Mali hotunan samari da 'yan mata ya riƙa ɗauka a Bamako, a shagonsa da wuraren biki. A shekarar 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a baje kolin fasaha na birnin Venis da ke Italiya. Nan gida kuma akwai Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, wadda ta yi karatun aikin jinya. Hotunanta na 'yan makaranta da 'yan kasuwa sun nuna wa duniya cewa ana rayuwa a Borno duk da rikicin Boko Haram.

Waya ba ta yi mana laifi ba. Mu ne muka ɗauka mallakar kayan aiki shi ne iya aiki. Hausawa sun ce wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Mun hau, mun ga yadda ta kaya. Malaminmu ya koma garinsu, ajinmu ya watse, ba za mu sake jeruwa haka ba.

Ƙannenmu da ke shirin naku bikin, ku ware kuɗin mai hoto tun farko, ko da lemo zai ragu. Mai sha'awar sana'ar kuma ya nemi gwani ya riƙa ɗaukar masa jaka lokacin hutu. Biyu daga cikinmu haka suke yi yanzu a shagon Baba. Makonsu na farko bai bar su sun taɓa kyamara ba. Cewa ya yi su zauna bakin ƙofa su riƙa lura da yadda haske ke sauka a fuskar masu wucewa.