Ba A Fafa Gora Ranar Tafiya

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka, in ba 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta labarin ƙasar da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, da irin shirin da ya kamata a yi wa mota kafin a shiga dajinta. Ni dai akawu ne, ban taɓa riƙe sitiyari don neman abinci ba, amma aikin rangadi ya sa na bi hanyoyin nan rani da damina, ina zaune gefen direba da littafina a hannu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, sau da yawa mu ne ake ba takardar kuɗin gyaran mota mu duba, alhali ba mu san abin da ya wajaba daga abin da yake ado kawai ba. Motar nan kuwa wani lokaci maganin asibiti ta ɗauko, wani lokaci littattafan makaranta, wani lokaci mace mai naƙuda. In ta kwana a laka, duk waɗannan sun kwana tare da ita.

Tambuwal tana wajen mil 60 kudu da Sakkwato, a bisa babbar hanyar da ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Jega. Gari ne mai tarihi, don Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a cikinsa, ya riƙe shi ribaɗi. Kebbe kuwa tana kudu da Tambuwal, ƙasarta ce ƙarshen Jihar Sakkwato ta wannan fuska. Kada mai karatu ya rikita Kebbe da Kabi. Kabi jiha ce da aka cire daga Sakkwato a 1991, aka kuma cire Zamfara a 1996, ƙasar Kebbe ta zama tana iyaka da su duka biyu. Gulbin Zamfara ya ratsa ta, ya fito daga wajen Gummi ya yi yamma zuwa Jega, can kudu wajen Fakku kuma ga Gulbin Ka. Wanda zai je garin Kebbe kawai ya komo, magana ba tasa ba ce. Magana ta wanda zai saki babbar hanya ya nufi ƙauyukan Kuchi da Sangi da Girkau da Ungushi ce, inda wani wurin sawun amalanke da na shanu su ne hanya.

Ƙasar nan fuska uku gare ta, kowace da irin sharrinta ga mota. Ta fari ita ce jigawa, ƙasar gero da dawa da wake, wadda da rani yashinta ke sakewa, taya ta yi ta juyawa wuri ɗaya tana haƙa wa kanta kabari. Ta biyu ita ce saura da daji, inda ƙayar aduwa da ta bagaruwa ke zube, ga kututtura ɓoye cikin ciyawa, ga suri, ga kwazazzabai da ruwan bara ya yanka. Ta uku ita ce fadama, ƙasar shinkafa da albasa. Da rani lakarta takan bushe ta tsage, ta yi tauri har ka ce daɓe ne. Amma daga watan Yuni zuwa Satumba, balle Agusta da ruwa ya fi ƙarfi, sai ta koma kamar sabulu a sama, kamar danƙo a ƙasa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Haka lakar fadama take.

Motar da ta dace da wannan ƙasa ita ce mai ja da ƙafa huɗu, watau wadda inji ke juya tayoyin gaba da na baya gaba ɗaya. Irin wannan mota ta yi suna ne tun da Amurka ta ƙera wa sojanta Jeep a 1941, lokacin yaƙin Hitila, daga nan muka sami kalmar jif. Ingila ta fito da Land Rover a 1948, Japan ta bi baya da motar da ta zama Land Cruiser a 1951. A yau Hilux ce ta fi yawa a hannun ma'aikata a wajenmu. Dukansu an ƙera su don daji tun daga masana'anta, saboda haka abin da za a ƙara musu kaɗan ne, in an san inda za a sa shi.

Farkon shiri, a tabbata motar lafiya take. Banza ne a saya wa doki sabon sirdi yana ɗingishi. A kai ta wurin bakanike kwana biyu ko uku kafin tashi, ya duba birki da kuloci da fanbel da batir, ya canja baƙin mai, ya sa girisi a duk mahaɗa, ya bi kusoshin ƙarƙashi ɗaya-ɗaya ya ɗaure, gama girgizar hanyar burji takan kwance su. A wanke lagireto, don da bazara zafi yakan wuce digiri 40, mota kuwa tana tafiya sannu cikin yashi ba ta samun iskar da za ta huce. Da hunturu kuma ƙura takan toshe matatar iska, sai a riƙa fitar da ita ana kakkaɓewa kowace safiya. A kuma sa giyar ƙafa huɗu a gwada ta tun a gari. Giyar da ta shekara ba a taɓa ta ba, kada a yi zaton za ta amsa ranar da aka neme ta.

Na biyu, taya. In kuɗin da ke hannu na abu ɗaya ne tak, to, a sa su nan. A nemi masu kaurin gefe da manyan haƙora, gama ƙaya da kututture gefen taya suke ci, inda faci ba ya riƙewa sosai. Duka huɗun su zama girma ɗaya, safaya ma haka, in ya yiwu safaya biyu. Ga kuma wata hikima da na gani wurin tsofaffin direbobi. In aka iso yashi, sai su rage iska, tayar da take da awo 35 su mai da ita kamar 20. Taya takan shimfiɗu, ta taka yashi kamar yadda tafin raƙumi ke takawa, ba ta nutsewa. Amma da an hau tudu mai tauri sai a mayar da iskar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Don haka famfo da ma'aunin iska ba su rabuwa da motar daji.

Na uku, ɗaga mota. Samari suna son a ɗaga ta sama ƙwarai har sai an yi tsalle a shiga. Inci 2 ya isa, da sababbin sifirin da shokazoba masu ƙarfi. Ga dalili. Abin da ya fi kusa da ƙasa a motar nan shi ne ƙullutun ƙarfen da ke tsakiyar aksul, inda haƙoran giya suke. Kome ɗaga jikin mota, ƙullutun nan yana nan inda yake, tsawon taya kaɗai ke ɗaga shi. Abin da aka ƙaru da shi kawai shi ne nauyi ya koma sama, da an karkata a gefen kwazazzabo sai ta nemi kifewa. Abin da ya fi wannan amfani shi ne a ɗaura faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji da tankin mai, don kututture ɗaya in ya huda kaskon baƙin mai, tafiya ta ƙare.

Na huɗu, ruwa. Inji yana shaƙar iska kamar yadda mutum ke yi, amma in ya shaƙi ruwa ba ya tari ya fitar. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, sai sandan fistin ya lanƙwashe, inji ya mutu a tsakiyar mashigi. Wanda aikinsa ke kai shi fadama da damina yana iya sa bututun nan da ke ɗauko iska daga saman gilashi. Amma bututu ba ya mai da mota jirgi. Ruwa mai gudu in ya kai cinyar mutum yana iya ɗaga mota ya juya ta. Bayan an haye kuma a riƙa taka birki sannu-sannu har ya bushe, in an koma gida a duba man aksul. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo.

Na biyar, kayan ceto. A makarantar mishan an hore mu da rubuta jerin kaya kafin a ɗaura, ga nawa jerin: shebur, da gatari, da adda, da jak mai tsawo tare da faffaɗan katako da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse, da katakai biyu na shimfiɗa wa taya, da igiyar ja mai ƙarfi, da sifanu, da kayan faci, da fanbel na ajiya, da jarkar mai, da jarkar ruwa biyu, ɗaya ta mutane ɗaya ta lagireto, da tocila. Igiyar ja a ɗaura ta a ƙugiyar da ke manne da ƙashin mota. In aka ɗaura a bamba ko wani ƙaramin ƙarfe, yakan tsinke ya taso kamar harsashi, saboda haka kowa ya ja da baya in ana ja. Kaya masu nauyi a jera su ƙasa tsakanin tayoyi, a ɗaure. Rufin mota na tabarma da katifa ne.

Abin da ya wuce waɗannan, yawancinsa ado ne. Na ga wata mota a fadamar kudu da Kebbe, an yi mata fitilu shida a goshi, da katangar ƙarfe gaba da baya, da durom na mai a bisa rufi, ta nutse har ƙofa. Babu shebur ko ɗaya a cikinta. Shanun noma huɗu da samarin ƙauye suka fitar da ita bayan la'asar, mu da muke da katako muka ba su aro. Nauyin da aka ɗora mata don ta yi kwarjini shi ya danna ta.

Kome kyan shiri kuma, sai da hannun direba. Giyar ƙafa huɗu a sa ta tun ba a shiga wuri mai wuya ba, a cire ta da an hau kwalta, gama a Hilux da irinta in aka bar ta a kan hanya mai tauri, tayoyin gaba da na baya sukan yi ta jayayya har giya ta lalace. A yashi a tafi da gudu madaidaici ba tsayawa, a kwazazzabo a sa ƙaramar giya a sauka sannu. In taya ta fara juyawa wuri ɗaya a ɗaga ƙafa nan da nan, a fito a haƙa. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Saura abu ɗaya wanda ba a sayarwa a kanti, shi ne sanin mutanen ƙasa. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wata rana cikin Agusta muka iso wani mashigi da hantsi, ruwa ja wur yana gudu. Muka sami wani dattijo Basarke yana gyaran koma a gindin giginya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, mota na iya hayewa?" Ya dubi ruwa, ya dubi motar, ya ce, "Ɗana, ruwan ga baƙo na, daren jiya ya zo. Ku bari shi wuce." Ya kafa kara a bakin ruwa, ya ce in ruwa ya janye daga karan da taƙi biyu mu shiga, mu kuma bi ta hannun dama inda ƙasa tsakuwa ce. Muka zauna muka ci guzurinmu tare da shi. Da azahar ruwa ya janye kamar yadda ya faɗa, yaron mota ya shiga gaba da sanda yana auna zurfi, muka haye lafiya.

Haka nan duk garin da aka isa, a fara zuwa ƙofar hakimi ko mai gari a yi gaisuwa, a faɗi inda aka nufa. A shekarun nan 'yan fashin daji sun addabi wasu sassan ƙasar nan, mutanen gari su suka san hanyar da ta yi lafiya yau da wadda ba a bi. A tashi da sassafe, a sauka kafin magariba, a bar labari a ofis na inda za a kwana, don akwai wuraren da wayar hannu ba ta kamawa. In da hali a tafi mota biyu. Ina kuma roƙon direbobi, in hanya ta ɓaci kada a ratsa ta cikin shuka. Kunya goma da taya ta tattake abincin wani gida ne, mai gonar kuwa shi ne gobe za a nema ya kawo shanunsa ya ja ku.

To, 'yan'uwana akawuna, in takardar gyaran mota ta zo gabanku, ku nemi taya da birki da farantin ƙarfe da shebur da igiya a cikinta. In suna nan ku sa hannu da sauri, kada ku riƙe ta a tebur har ruwa ya sauka. In kuwa fitilu da fenti suka cika ta, ku tambayi mai ita wace fadama zai haye da su. Ina kuma fatan masu karatu na wajen Gummi da Jega za su rubuto su ba mu labarin mashigan da ke wajensu, domin mu ƙaru da juna.

Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Tambuwal.