Baƙin man tsohuwar tarakta

Tarakta ɗaya gare mu a garinmu, tsohuwar Massey Ferguson, kuma ita gidaje da yawa ke jira in ruwan farko ya sauka. In ta kwanta cikin watan Yuni, shuka ta makara. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana ɗura mata baƙin man bakin hanya, na kwalba marar rubutu, don kawai ya fi araha.

Abin dubawa a jikin galan bai da yawa. Injin gazuwal yana son mai mai alamar API da ta fara da C, kamar CF ko CH-4. S ta injin fetur ce. Sai kauri: 15W-40 ko 20W-50. Lambar ƙarshe ke nuna kaurin man in inji ya ɗauki zafi. Siririn mai irin 5W-30, tsohon injin da ya sassauta ƙone shi zai yi.

Mai taraktar bai yi lakwal ba, amma ɗiyarshi tana CM2, ita ke karanta mashi galan. Malamai, ku kawo galan cikin aji ku koya wa yara karanta shi. Iyaye, in za ku sayen mai, ku tafi da su.