ADA, INDA KOGIN FOLTA YA SADU DA TEKU

Jama'a, wanda fatauci ya kai shi Ada, mil 60 da 'yan kai gabas da Ankara, ya ga inda Folta ke shiga teku. Ana ba da hayar ƙaramin kwalekwalen roba can, samarinmu kuwa suna sha'awarsa.

To, a ja musu kunne. Tsakanin tsibirai ruwa kwance yake, nan ake koyon filafili da fatsa. Bakin teku dabam ne. Sau 2 a yini teku kan cika ta janye, in tana janyewa kuwa, sai ruwa ya fizgi jirgi ya kai shi cikin igiya. Sabon shiga ya sa rigar ceto, ya bi masuncin garin, ya komo tun da rana. Ran Talata masunta da yawa ba su shiga teku, kada baƙo ya keta al'adarsu.