Daga Sakkwato Zuwa Horo Birni

Gero ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, lokacin da na kama hanyar Horo Birni ta ƙaramar hukumar Shagari don gaida dangin mahaifiyata. Mun bar Sakkwato da hantsi, muka bi titin da ke zuwa Tambuwal da Jega. Motarmu ba ta samu sakewa ba saboda tireloli: wasu ɗauke da simintin Kalambaina, wasu maƙare da shanu da jajayen awaki, duk sun sa gaba kudu. Fatar irin waɗannan awaki ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko.

Ba na wuce Boɗinga da Sifawa ban yi tunanin rabon ƙasa ba. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, a nan kuma ya raba kula da daula a 1812: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna Boɗinga. Rabon zamaninmu ya zo daga baya. An kafa Jihar Sakkwato a 1976, aka cire Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996, kowa ya tafi da kasonsa. Kebbi ta ɗauki manyan fadamun shinkafa da kifin Argungu da albasar Aliero. Zamfara ta ɗauki madatsar Bakolori da audugar Gusau da zinariya, wadda gubar dalmarta ta hallaka yara da yawa a 2010. Sakkwato ta riƙe dutsen siminti, madatsar Goronyo, kasuwar dabbobi ta Illela a bakin iyakar Nijar, da ƙananan hukumomi 23.

A Shagari, garin da aka binne Alhaji Shehu Shagari a Disambar 2018, na sauka na hau kabu-kabu. Daga nan ƙasa ta buɗe: jigawa mai rairayi, karan gero a tsaye, gawo nan da can, tumaki suna kalar harawar wake.

Na tarar da kawuna a ƙofar gida yana tsince irin albasa a faifai, tsabar baƙa ƙirin, yana hure ƙaiƙayin a hankali don kada ko ɗaya ta faɗi. Bayan gaisuwa na tambaye shi labarin noman rani. Ya ce, "Ɗana, mi za ni ce maka? Albasa tana yi. Amma ranar da ta nuna, ta kowa ta nuna. Dillali ya zo ya saye ta yadda ya so, in ka ajiye a rudu, rabi ya ruɓe kafin ta yi tsada."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Jihohi 36 na ƙasar nan suna jiran kason wata-wata daga Abuja, jihohin mai na Neja Delta suna da ƙarin kashi 13 cikin ɗari, Legas tana da tashar jiragen ruwa da harajinta. Mu abin da Allah Ya ba mu yana cikin ƙasa da garke, kuma kusan dukansa ɗanye yake barinmu. Albasa ta tafi Legas da Fatakwal a buhu, akuya ta tafi da fatarta, ribar jima da sarrafawa ta zama ta wasu. A ganina ɗakin ajiya mai iska da hanya mai kyau zuwa bakin titi sun fi wa mutumin Horo Birni amfani da kowace sabuwar sakatariya.

Da dare samarin gidan suka zauna lissafin kuɗin mota. Da yawansu za su tafi cin rani Ibadan da Legas, wasu sayar da ruwa, wasu dako a kasuwar Mile 12, inda ba mamaki buhun da za su sauke daga tirela na gonar ubansu ne. Sai damina ta faɗi za su dawo shuka.